Ɗan Mai Lambu a Filin Nakiya

Zuwa ga Tsinke, ɗan Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga taubashiyarka, wadda ka raina har ka aiko hoto ba ka haɗo mata ko layi biyu ba. Ina fata kana lafiya a can ƙasar mutane, kai da sauran sojojin kiyaye zaman lafiya da aka tura ku tare. Mu nan lafiya lau. Innata tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Kawu kuwa, mahaifinka, hawan jinin nan yana nan. In na taso daga asibiti nakan biya in auna shi, in yi masa faɗan gishiri, ya yi mini alkawarin da ni da shi mun san ba zai cika ba.

To ga labari. Hotonka ya yi abin da duk dangi suka kasa. Ka san tun ranar da ka ajiye butar ban-ruwa ka shiga soja, Kawu bai ƙara kiran sunanka ba, sai dai ya ce "wancan mai takalmin". Na same shi a rumfar lambu yana cusa ƙasa a ledojin dashe, na miƙa masa hoton ina jiran ya maido mini. Sai ya goge hannu a riga, ya matsa bakin rumfa inda haske yake, ya daɗe yana kallo. Ga ka nan durƙushe, an ja igiya tsakanin 'yan turaka, ɗan ƙaramin cebur a hannunka, almakashi da butar ruwa a gefe.

Ya ce, "Ke, wannan ba lambu ba ne?"

Na ce, "Da alama, Kawu."

"To gilashin nan da ya rufe fuska da shi fa?" Kafin in buɗe baki ya ba kansa amsa: "Feshin maganin ƙwari suke yi. Kin ga inda aka ci gaba."

Sai ya yi dariya, Tsinke, irin wadda rabon da in ji ta tun kana gida. Ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ka zaga duniya da bindiga ka dawo kan sana'ar ubanka. Ya kafa ƙusa ya rataye hoton a ginshiƙin rumfa. Yanzu duk wanda ya zo sayen dashen lemo ko gwaiba, ba ya fita sai an nuna masa. "Ɗana ne," in ji shi, ya kuma kira sunanka ɓaro-ɓaro.

Ya ba ni saƙo, ya ce kada in rage ko kalma. Wai ka riƙe cebur kamar mai tsoron ƙasa. A soka shi tsaye ake yi, a danna da ƙarfi, ƙasa ba ta son mai lallaɓa ta. Kuma layin naka ya yi ƙunci, ka faɗaɗa.

Ni dai abin da ya ɗaure mini kai, mutum ya sha rana a fagen horo, ya koyi harbi, ashe gadin tumatir za a tura shi. Ka rubuto, kada ka sa in zo da allurata.

Taubashiyarka,
Mai Allura

*

Zuwa ga Mai Allura, 'yar Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo a motar kayan abinci, don waya ba ta kamawa a inda muke. Ina lafiya, ban ƙara ƙiba ba, kada ki sa rai. Ki gaishe da Gwaggo da kyau. Na karanta inda kika ce Baba ya kira sunana, na sake karantawa, na koma bayan tanti don kada abokan aiki su ga fuskata.

Amma 'yar'uwa, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Ba lambu ba ne. Nakiyoyi muke tonowa.

Kwari ne tsakanin tuddai biyu. Mutanen wannan tudu da na wancan sun yi shekaru suna yaƙi, kowa ya binne wa ɗan'uwansa nakiya a gonaki da hanyar rafi, har da filin makaranta. Yanzu an tsagaita wuta, an sa mu a tsakani. Aikin ƙungiyata shi ne mu bi ƙasar nan taku-taku mu cire abin da aka binne. Igiyar da Baba ya gani, faɗin layina ke nan, kuma ƙuncin nasa da gangan ne. Farin turke, an duba bayansa. Jan turke, babu mai tsallake shi. Almakashin na yanke ciyawa ne ɗaya-ɗaya, don akwai masu siririyar waya a ɓoye. Ruwan kuwa don ƙasa ta yi laushi ne, kada in sa ƙarfi.

In na'urar gano ƙarfe ta yi kuka, sai in kwanta a kan ciki, in faro daga nesa, in riƙa karce ƙasa daga gefe kamar mai aske kan jariri. Ba a taɓa zuwa mata ta sama. Da zan bi shawarar Baba in soka cebur tsaye, da ba za a sami abin da za a aiko muku ba. Sau da yawa ƙusa ce, ko murfin kwalba, amma kowane murfi sai ka girmama shi kamar shi ne ajalinka.

Ranar da na fara ganin ta gaske ba zan manta ba. Gefenta kawai ya bayyana, 'yar mitsitsiya, ba ta fi gwangwanin man takalmi ba. Saiwar ciyawa ta nannaɗe ta, tururuwa suna bi ta kanta suna harkarsu. Ta girmi yaran da ke kallonmu daga bakin titi. Wanda ya binne ta wataƙila ya mutu, ko ya manta, ko ya tuba, ita kuwa tana nan tana jira, ba ta san an yi sulhu ba. Wallahi sai na ji duk duniya ta yi tsit, ina jin bugun zuciyata a ƙasar da na kwanta a kai. Tsoro na ji, amma akwai wani abu da ya fi tsoro, irin wanda kake ji in ka tsaya bakin babban kogi.

Ga roƙona. Kada ki gaya wa Baba. Na daɗe ina jiran ranar nan, kuma kin san zuciyarsa. Ki ce masa na ji saƙo, zan gyara riƙon cebur.

Naki,
Tsinke

*

Tsinke,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, amma gaisuwar yau gajera ce don ina jin haushinka. Na karanta takardarka a ɗakin magani, sai da wata abokiyar aikina ta kawo mini ruwa. Ni da nake maka tsiyar tumatir!

Bari in tambaye ka, tunda kai ne mai ilimin abin. Su wa suka binne nakiyoyin? Ba masu takalmi irin naka ba? Soja ya shuka, soja ya zo girbi, sai a ce mu tafa muku. Ni aikina ɗinke abin da ƙarfe ya yaga ne, ban taɓa ganin bindigar da ta warkar da kowa ba. Abin da Kawu ya faɗa maka ke nan ranar da ka tafi, kuma ko da ban goyi bayan yadda ya faɗa ba, ban ce ƙarya ya yi ba.

Ka kuma bar ni gaba kura baya siyaki. Kullum na je auna shi sai ya tambaye ni, "Me yaron nan ya ce game da ƙasarsu? Ja ce ko baƙa? Tana riƙe ruwa?" Ni kuwa in riƙa ƙirƙiro amsa ina kallon agogon awo. Jiya ya ƙulla maka irin tumatir a takarda, nasa na musamman da ba ya ba kowa, ga shi nan a cikin ambulan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗan'uwa, kuma ni ka tura ciki.

Yanzu babbar maganar. Jiri ya kwashe Kawu a tsakanin ledojin dashe, maƙwabcinsa mai gyaran keke ne ya ɗaga shi. Likita ya ce zuciyar ta gaji. Ya tashi, yana fita lambu, amma ba kamar da ba. Ba na son in tsorata ka, ba na kuma son wata rana ka ce na ɓoye maka. Ka nemi a sake ka ka dawo. Filin mutane ba zai gudu ba.

Mai Allura

*

'Yar'uwata Mai Allura,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri, ya saka wa mai gyaran keke. Irin ya iso, yana aljihun rigata.

Tambayarki ba ta ba ni haushi ba, don ni ma ina yi wa kaina ita. Gaskiya ne, a makarantar da aka koya mini cirewa, a nan aka koya mini binnewa. Amma ki ji. Duk safiya kafin mu durƙusa, motocinmu masu sulke sukan fito su tsaya a kan hanyar da ta raba tuddan nan, bakin bindigoginsu yana kallon sama. Tun da na zo ba su harba ko ɗaya ba. Amma ranar da aka janye su zuwa wani wuri, kafin rana ta take an yi ta harbi daga tudu zuwa tudu, muka kwashe kayanmu. Da suka dawo, kowa ya shiga taitayinsa. In kin ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ni mai kwanciya a kan ciki da ɗan cebur, ba zan iya aikina ba sai da wani a tsaye a bayana da abin da kike ƙi. Ban ce bindiga tana warkarwa ba. Tana dai riƙe hannun mutane har mai ɗinki ya gama. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaran da ke cikin motocin nan, ana zaginsu, wani lokaci a jefe su, yatsa yana kusa da kunamar bindiga, su haɗiye. Ban san akwai irin wannan ƙarfin ba sai da na zo nan.

Bari in ba ki labarin da ya hana ni cewa a sake ni. Mun gama wata gona a makon jiya. A aikinmu ba a miƙa fili da baki. Sai duk wanda ya yi aiki a wurin ya cire gilashi da rigar kariya, mu jera kafaɗa da kafaɗa, mu taka shi daga wannan gefe zuwa wancan a gaban masu shi. In ka yi ha'inci a layinka, ƙafarka ce za ta fara sani, ko ta abokinka. Muka jera, har da shugabanmu. Mutanen gari sun cika bakin titi, ba mai ko tari.

Da muka kai ƙarshe muka juyo, sai ga wata tsohuwa, mai gonar, ta shigo. Da farko tana sa ƙafarta daidai cikin sawun takalmanmu. Ta yi nisa a haka, sai ta tsaya. Ta dubi gefe, inda babu sawun kowa, ta ɗaga ƙafa ta taka can. Ta ƙara takawa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta cusa hannuwanta biyu a ciki. Na ga manyan sojoji suna share ido da hula. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, don inda ta zauna layina ne.

Saura filin makaranta, kuma mun ci rabinsa. Zan ƙara sauri, in rage hutun da ake ba mu tsakanin aiki, mu gama in taho. Ki riƙe mini Baba.

Tsinke

*

Tsinke,

Assalamu alaikum. Kana raye? Motar wasiƙu ta zo ta koma, ta sake zuwa, babu komai daga gare ka. Rediyo ya ce nakiya ta tashi da wani sojan kiyaye zaman lafiya a wajen aikin share fili, ba su faɗi suna ba. Innata ta daina cin abinci sosai. Ni ina ba marasa lafiya magani hankalina yana wajenka. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Kuma asiri ya tonu, ba daga bakina ba. Ina rumfar ina naɗe abin awo, sai ga wani dattijo ya zo sayen dashen mangwaro, tsohon soja ne, yana ɗingishi. Kawu ya ja shi wajen hoton kamar yadda ya saba. Mutumin ya dubi hoton, fuskarsa ta sauya. Ya ajiye dashen a ƙasa, ya haɗa ƙafafunsa, ya miƙe ƙyam, ya sara wa hotonka.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Malam, yaushe aka fara sara wa mai lambu?"

Ya ce, "Baba, ɗanka ne wannan?"

"Nawa ne."

"To ka gode wa Allah da ya ba ka shi, ka kuma riƙa yi masa addu'a safe da yamma. Mu da muka yi yaƙi, in irin waɗannan suka shigo wuri, tashi muke yi." Sai ya bayyana masa komai, jan turke, gilashin, dalilin ruwan, da abin da ke faruwa in an soka ƙarfe daga sama.

Kawu ya juyo ya dube ni. Ban iya ɗaga kai ba. Ya ce, "Saƙon nan da na ba ki na cebur, kin rubuta masa?" Na ce na rubuta. Ya dafa ginshiƙi, ya zauna a kan buhun taki. Da mutumin ya tafi, ya tashi ya cire hoton daga ƙusa ya shige gida.

Tun ranar bai ambace ka ba. Ina tsoron mun koma gidan jiya, ko ma abin da ya fi haka. Ka yafe mini, na kasa tarewa.

Mai Allura

*

'Yar'uwa,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ban ji ko ƙwarzane ba. Ki gaya wa Gwaggo ta ci abinci.

Abokina ne, wanda muke kira Mai Fito, layinsa yana kusa da nawa. An aiko masa matarsa ta haihu, hankalinsa ya yi gida, yana son ya gama da wuri. Ya miƙe zai ɗauko buta, ƙafarsa ta wuce jan turke da tafin hannu ɗaya. Ya rayu, ƙafar ce babu. An tsayar da aiki ana bincike, aka hana mu aika komai sai an sanar da iyalinsa. Mutum ne da ya fi ni ƙwarewa, 'yar'uwa.

Babu abin da zan yafe miki, ni na ɗora miki kayan. Ki je wajen Baba ki durƙusa a madadina. Ki ce ban yi don in yaudare shi ba, daɗin jin ya sake kiran sunana ne ya fi ƙarfina. In ya ce in dawo, zan je wajen shugabanmu in roƙa a sake ni, ko filin makarantar bai ƙare ba. In kuma ya ce ba ya son ganina, ki faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki sa masa zuma.

Tsinke

*

Ɗan'uwana Tsinke,

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi. Innata ta yi kuka ta yi dariya, ta kuma ce in ja maka kunne. Allah ya ba Mai Fito lafiya, ya raya abin da aka haifa masa. Jikin Kawu yau da sauƙi gobe babu, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ashe ni ce ban fahimci shirunsa ba. Na je da takardarka da safe, ban same shi a rumfa ba. Na zaga bayan lambu, sai na gan shi kwance a kan ciki a cikin ƙasa, na ƙwalla ƙara na zaci faɗuwa ya yi. Ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru. Ya ja igiya tsakanin turaka biyu, ya binne wani murfin gwangwani da kansa, yana karce ƙasa daga gefe da ɗan cebur, kaɗan-kaɗan, yadda tsohon sojan nan ya kwatanta. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na tsaya ina kallo har rana ta yi zafi, bai ci kamu ɗaya ba. Da cebur ɗin ya taɓa murfin ya yi ƙara, na ga duk jikinsa ya girgiza.

Na taimaka masa ya zauna, na karanta masa takardunka duka, har labarin tsohuwar nan da na Mai Fito. Ya sa na maimaita masa inda kuka jera kuka taka gonar. Sannan ya ce in ɗauko biro. Ga maganarsa, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ɗana, ina gaishe ka. Tun ban kai ka tsawo ba nake aikin ƙasa, ban taɓa sanin ana jin tsoronta ba sai yau. Na gwada aikinka da murfin da ni na binne, na san inda yake, na san ba zai yi mini komai ba, amma hannuna ya ƙi tsayawa. Ban san a ina ka samo wannan zuciyar ba. Ba a wajena ba ne.

"Har yanzu ba na son bindiga, kuma ba zan so ta ba. Amma ka gaishe mini da yaran da ke tsaye a bayanka, ka ce wani tsoho yana sa musu albarka.

"An ce kana so ka roƙa a sake ka. Ban yarda ba. Filin da aka share rabi ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari, don yara za su ga an yi aiki su saki jiki. Ka gama shi.

"An kuma ce kana rage hutu don ka zo ka same ni. Wannan ne ya fi komai tayar mini da hankali. Ka ji da kyau, umarni ne, ba shawara ba. In an ce ka huta, ka huta. In kana kwance a kan layinka, ba ka da uba, ba ka da gida, ba ka da kowa sai abin da ke gabanka. Kada ka yi sauri saboda ni ko da taku ɗaya. Tsakanina da kai babu sauran komai sai alheri, na sa maka albarka duniya da lahira.

"Ka yi a hankali, ɗana. Ni na iya jira, ko a nan, ko a can."